ALHERI A BAKIN HANYA

A ƙasar nan tamu babu ranar da za ta fito ta faɗi ba tare da dubban mutane sun bar gidajensu sun kama hanya ba. Wani ya taso daga Maiduguri da lodin wake ya nufi Legas, wani daga Onica zai kai kayan gyaran mota Kano, wata kuwa ƙauyen da ke kusa za ta je barka ko ta'aziyya. Kowannensu ya biya kuɗin mota, ya kuma tanadi guzuri gwargwadon ƙarfinsa. Amma duk wanda ya saba da tafiya ya san akwai waɗansu abubuwa da tafiya ba ta yin daɗi sai da su, waɗanda kuma ba a sayar da su a tasha. Akwai wanda zai nuna maka hanya in ka ɓata, da wanda zai kama maka kaya ka aza a ka, da wanda zai sa hannu a tura mota in ta mutu a tsakiyar titi, da kuma wanda zai tsaya a kanka in, Allah ya kiyaye, tsautsayi ya auku. Wannan darasi a kan irin waɗannan ayyukan alheri yake, da abin da ke hana mutane yin su, da abin da doka ta tanadar wa mai yin su, da yadda ake yin su da sani don kada gyara ya koma ɓarna.

ABIN DA MUKA GADA

Kyautata wa matafiyi tsohuwar al'ada ce a wurinmu. Tun kafin zuwan jirgin ƙasa da mota, fatake kan tashi daga Kano da jakuna, ayari guda, madugu na gaba, su yi wata da watanni a hanya kafin su isa Salaga ta ƙasar Gwanja, watau arewacin Gana ta yanzu, su sayo goro. A tsakanin nan suna ratsa ƙasashen mutanen da ba su jin harshensu. Da a ce kowane gari ya rufe musu ƙofa, ya hana su ruwa da wurin kwana, da wannan fatauci bai daɗe ba. Zangunan da ake gani yau a garuruwan Gana da Togo da Binin, daga irin waɗannan masaukai da yawansu suka samo asali.

A garuruwanmu da ƙauyukanmu kuwa, mai gida kan kafa randa a ƙofar gida ko a gindin bishiya, ya rufe ta da faifai, ya ɗora moɗa a kai, domin duk mai wucewa ya sha ba sai ya roƙa ba. Zaure ma ba don zaman hira kaɗai aka gina shi ba. Baƙon da dare ya yi masa nan ake shimfiɗa masa tabarma, a kawo masa tuwo, wani lokaci sai gari ya waye a tambaye shi sunansa da inda ya fito.

Wani masanin zaman jama'a, Abner Cohen, ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya kuma wallafa littafi a kan abin da ya gani a 1969. Unguwar an kafa ta ne a 1916. Abin da ya fi jan hankalinsa shi ne yadda mai shanu zai zo daga arewa mai nisa, ya sauka a gidan wani mai gida, a ba shi ɗaki da abinci, a sayar masa da dabbobinsa bashi ga mahautan gari waɗanda bai taɓa gani ba, mai gidan nan ya tsaya masa lamuni, kuma a yi duk wannan ba da wata takardar yarjejeniya ba. Haƙiƙa mai gida yana da tasa riba a ciki, babu mai musun haka, kuma babu laifi a ciki. Abin lura shi ne, dukiya mai yawan gaske tana sake hannu a kan amana tsagwaronta, amanar kuwa daga ƙananan abubuwa take tsirowa: yadda aka tarbi baƙo, yadda aka tsare masa kayansa, yadda aka kula da shi ran da zazzaɓi ya kama shi. Garin da aka san mutanensa da wulakanta baƙo, ko kasuwarsa ba ta ci.

ME KE HANA MUTUM TSAYAWA?

In haka muka gada, mai karatu na iya tambaya, me ya sa ake ganin mota ta kife a bakin titi, mutane kwance cikin jini, ga taro ya kewaye su, amma kowa ya harɗe hannu, ko ya fito da waya yana ɗaukar hoto? Amsar da ta fi sauƙi ita ce a ce zukata sun bushe. Wannan amsa ba ta isa ba, domin masana halayyar ɗan Adam sun bincika al'amarin, sun kuma gano dalilai da suka shafi kowa, har da mutanen kirki.

Na farko shi ne yawan jama'a kansa. A 1968 waɗansu masana biyu na Amurka, John Darley da Bibb Latané, sun shirya wani gwaji. Aka sa ɗalibi shi kaɗai a ɗaki yana magana da waɗansu ta na'ura, can sai ya ji ɗaya daga cikinsu kamar farfaɗiya ta buge shi yana neman taimako. Cikin waɗanda suka ɗauka su kaɗai ne suka ji kukan, kashi 85 cikin 100 sun tashi neman agaji tun kafin muryar ta yanke. Cikin waɗanda suka ɗauka akwai mutum huɗu da su ma suke ji, kashi 31 ne kawai suka yi haka. Kowa ya zaci wani zai yi. Ɗan kuka ɗaya ya fi samun kulawa bisa jinjirin da mata goma ke reno, kowace ta dogara ga 'yar'uwarta.

Na biyu shi ne sauri. Darley ɗin nan da abokin aikinsa Daniel Batson sun wallafa wani gwajin a 1973. Ɗaliban wata makarantar horar da limaman coci a Princeton aka ce su tafi wani gini su yi jawabi, waɗansunsu ma a kan misalin Basamariyen nan mai tausayi da ke cikin Linjila. A kan hanyarsu aka ajiye wani mutum ya zube a bakin ƙofa yana tari yana nishi. Waɗanda aka ce musu suna da sauran lokaci, kashi 63 cikin 100 sun taimaka. Waɗanda aka ce musu sun makara, kashi 10 ne kawai. Ga mutum zai je ya yi wa'azin tausayi, amma agogo ya sa ya tsallake mai neman tausayin. Wannan ya kamata ya sa kowannenmu ya yi tunani, musamman mu ma'aikata da direbobin haya da kullum muke cikin gaggawa.

Sai dai kada a ɗauka labarin duk baƙi ne. A 2019 Richard Philpot da abokan aikinsa sun duba hotunan kyamarar tsaro na faɗace-faɗace 219 da suka auku a titunan Amsterdam da Lancaster da Cape Town. Cikin kowane goma, a tara an sami aƙalla mutum ɗaya da ya shiga tsakani. Watau mutane suna da niyyar taimako, abin da sukan jira shi ne wanda zai fara. Don haka in ka sami kanka a irin wannan wuri, kada ka tsaya kana cewa, "Jama'a, a taimaka mana." Ka dubi mutum ɗaya ka ce, "Malam, kai mai jar hula, don Allah kira lamba 122." Ka juya ga wani ka ce, "Ɗan'uwa, ɗauki ganyen nan ka je can baya ka tsai da motoci." Ka ce wa wata, "Hajiya, ki riƙe yaron nan, ki kau da fuskarsa." Mutumin da aka nuna shi da yatsa aka ba shi aiki, da wuya ya ƙi.

TSORON "KAI KA BUGE SHI"

Akwai dalili na uku wanda namu ne na gida, kuma ba za mu ɓoye shi ba. Mutane da yawa suna tsoron in sun ɗauki wanda ya ji rauni sun kai asibiti, za a ce su kawo takardar 'yan sanda, ko a riƙe su a ce su biya kuɗin magani, ko ma in rai ya yi halinsa a ɗora musu alhaki. Wannan tsoro ba daga sama ya faɗo ba. An yi ta samun irin haka, an kuma yi asarar rayuka saboda shi. To amma ya wajaba kowane ɗan ƙasa ya san abin da doka ta ce.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ya ƙi ba mutum kulawar gaggawa bisa kowane irin dalili. Wanda ya saɓa, hukuncinsa tarar Naira 100,000, ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyu. Dokar ba ta ware asibitin gwamnati daga na kuɗi ba.

A watan Disamba na 2017 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar tilasta kula da waɗanda aka harba da bindiga. Ta umarci kowane asibiti ya karɓi wanda aka harba ya fara yi masa magani, da takardar 'yan sanda ko babu, da kuɗin kafin alƙalami ko babu. Asibitin ne zai sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa cikin awa 2 da fara magani. Ta kuma ce wanda ya taimaki mai raunin a girmama shi, kada a tsare shi da tambayoyi na tozartawa waɗanda ba su da dalili.

Ba za mu ce ana bin waɗannan dokoki a ko'ina yadda ya kamata ba. Amma dokar da jama'a ba su sani ba, ita ce aka fi saurin takewa. Wanda ya tsaya a gaban ma'aikacin asibiti cikin ladabi ya ambaci dokar da shekararta, ya nemi a kira masa babban likita, ba daidai yake da wanda ya zo yana rawar jiki ba. Yana da kyau kuma mai taimako ya tafi da mutum ɗaya ko biyu daga wurin da abin ya auku, domin su zama shaida.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a watan Fabrairu na 1988, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko, tana da lambar kiran gaggawa 122. Akwai kuma lambar gaggawa ta ƙasa baki ɗaya, 112. Duka biyu kyauta ake kiransu. Girman matsalar kuwa ba ƙarami ba ne: rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara a duniya, ya kuma nuna cewa a nahiyar Afirka abin ya fi muni in aka gwada da yawan jama'a. Ga masu shekara 5 zuwa 29, babu abin da ya kai haɗarin hanya kisa.

TAIMAKO DA SANI

Kyakkyawar niyya kaɗai ba ta ceton rai. Sau da yawa abin da ya rage wa mai rauni, masu taimako ne ke ƙarasa shi ba da nufi ba, don haka wannan sashe yana bukatar a karanta shi da natsuwa.

Abu na farko shi ne a tsare wurin, kada haɗari ɗaya ya haifi na biyu. A ajiye mota nesa kaɗan, a kunna fitilun gargaɗi, a sa alama ko ganye da tazara mai kyau ta gaba da ta baya, musamman a kan kwana ko gangara. A kashe injin motar da ta yi haɗari, a hana shan taba a kusa.

Sa'an nan a lura da wuya da ƙashin baya. Al'adarmu ita ce mu fizgo mutum daga cikin mota, wani ya kama hannu wani ya kama ƙafa, kai yana lilo, a jefa shi bayan a-kori-kura. In ƙashin wuyansa ko na bayansa ya tsage, wannan lilon yana iya yanke laka, mutumin da zai iya warkewa ya shanye har ƙarshen ransa. Muddin babu wuta ko wani haɗari da ke tafe, gara a bar shi inda yake, a riƙe kansa da hannu biyu kada ya motsa, har masu aikin ceto su iso. In ya zama dole a ɗauke shi, a sami mutum huɗu ko biyar su ɗaga shi lokaci guda, kai da wuya da gangar jiki a miƙe, a ɗora shi a kan katako ko ƙyaure. Ɗan acaɓan da ya faɗi, kada a yi gaggawar cire masa hular kwano sai in ta hana shi numfashi.

Jinin da ke zuba, maganinsa dannewa. A sami ƙyalle mai tsabta, ko rawani, ko ɗankwali, a danne bakin raunin da ƙarfi, kada a riƙa ɗagawa ana leƙe. In ya jiƙe a ƙara wani a kai. Kada a zuba ƙasa, ko toka, ko garin taba, ko baƙin mai. In ƙarfe ko gilashi ya nutse a jiki, a bar shi, a danne gefe da gefe, domin sau da yawa shi ne ya toshe jijiyar.

Ga wani wuri da al'ada da ilmin likita suka saɓa. Mun saba in mutum ya gigita mu miƙa masa ruwa, kuma a yawancin lokuta alheri ne. Amma wanda ya ji mummunan rauni ko ya suma, ba a ba shi ruwa ko madara ko wani abin sha, domin yana iya shaƙewa ya bi ta huhu, yana kuma iya kawo matsala in za a yi masa tiyata. Wanda ya suma amma yana numfashi, a kwantar da shi a kan gefensa a hankali domin amai ko jini su fita ta baki. Ƙuna kuwa, ruwan sanyi mai tsabta ake ta kwarara mata har kamar minti 20. Ba a shafa mata ɗanyen ƙwai ko man goge baki ko manja.

In tankar man fetur ce ta faɗi, babban alherin da mutum zai yi shi ne ya kori jama'a, ya kuma yi nisa shi kansa. A watan Oktoba na 2024, a garin Majiya na ƙaramar hukumar Taura ta Jihar Jigawa, fiye da mutum 150 sun rasu sa'ad da tankar da ta kife ta kama da wuta, mutane na kwasar mai. A watan Janairu na 2025 irin haka ta sake aukuwa a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja, fiye da mutum 80 suka rasu. Tururin fetur yana bin ƙasa ya yi nisa, ƙyastu ɗaya ya ishe shi. Dattijon da zai tsaya ya daka wa samari tsawa a irin wannan rana, ko da za su ji haushinsa, ya yi musu abin da ba za su iya biyansa ba.

Ƙungiyar Red Cross ta Nijeriya tana koyar da taimakon farko, haka ma ƙungiyoyin 'yan agaji na masallatai da na coci-coci da yawa. Shugabannin tashoshin mota za su kyauta in suka nemi a zo a koya wa direbobinsu da yaran mota, tun da su ne sukan fara isa wurin haɗari.

WAƊANDA BA A KAI SU LABARI

Ba kullum ake haɗari ba, alhamdu lillahi. Mafi yawan alherin hanya ƙanana ne ƙwarai, har mai yin su bai ɗauke su komai ba. Direban da ya rage hasken fitilarsa da dare don kada ya kashe wa mai zuwa ido. Wanda ya gama gyaran babbar mota ya kwashe duwatsun da ya tare taya da su, da ganyen da ya zuba, maimakon ya bar su mai babur ya zo ya ci karo da su cikin duhu. Wanda ya kauce wa motar ɗaukar marasa lafiya, bai kuma bi bayanta a guje don ya tsere wa cunkoso ba. Saurayin da ya bar wa tsohuwa kujerar kusa da ƙofa. Kwandastan da ya tsinci jaka ya kai ofishin tasha. Mai shagon da ya bar baƙuwa ta sa wayarta a caji ta kira 'yan'uwanta. Musulmi sun san kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce, Kirista kuma sun san matsayin wanda ya shayar da mai ƙishi, don haka a nan babu wanda zai ce ba a gaya masa ba.

Kada wani ya ce shi talaka ne, ba shi da abin bayarwa. A 2008 Elizabeth Dunn ta Jami'ar British Columbia a Kanada, tare da Lara Aknin da Michael Norton, sun raba wa mutane ambulan da safe, waɗansu da dala 5 waɗansu da dala 20. Aka ce wa rabi su kashe wa kansu, rabi kuma su kashe wa wani. Da yamma, waɗanda suka kashe wa wani sun fi nuna farin ciki, yawan kuɗin kuwa bai kawo wani bambanci ba. Gwajin ƙarami ne, bai kamata a ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa ba, amma ya yi daidai da abin da iyayenmu suka daɗe da sani, cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Abu biyu ke ɓata alheri. Ɗaya gori. Ɗayan kuwa sabon salo ne, watau a ba mabukaci kwanon shinkafa a sa shi ya riƙe a ɗauke shi hoto a baza a Facebook. Wanda aka yi wa haka ya biya kuɗin shinkafar da mutuncinsa, kuma ya biya da tsada. Haka nan ɗaukar hoton gawa ko mai rauni a watsa. Akwai iyalan da ta wannan hanya suka fara jin mutuwar ɗansu.

Wajibi ne kuma a faɗi cewa alheri bai hana hankali ba. A hanyoyin da aka san 'yan fashi da masu satar mutane suna kafa tarko, musamman da dare, ba a ce lalle mutum ya tsaya shi kaɗai ba. Ya wuce, ya lura da wurin sosai, ya kira 122 ko 112, ko ya sanar a shingen jami'an tsaro na gaba ko gari mafi kusa. Wannan ma taimako ne, kuma ya fi shiru nesa ba kusa ba.

BAƘON DA BA YA JIN HARSHENKA

Kyautata wa ɗan gari ɗaya ba wuya. Gwajin yana zuwa ne in mabukacin ba ya jin Hausa, ko sunansa ya nuna ba addininku ɗaya ba. Tun da Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa shirin yi wa ƙasa hidima a watan Mayu na 1973, kowace shekara ana tura samari da 'yan mata jihohin da ba nasu ba. Yarinyar da ta zo daga Kalaba aka kai ta wani ƙauye a Jihar Kebbi, abin da za ta faɗa wa 'ya'yanta game da arewa har ta tsufa ya danganta ne ga maƙwabciyar da ta aiko mata da kunu ran da ba ta da lafiya, ko kuwa ga wanda ya ninka mata kuɗin acaɓa don ya ga baƙuwa ce. Haka ɗanmu da aka tura Abakaliki, ko mai sayar da albasa a Fatakwal, shi ma yana hannun waɗansu.

Ranar 23 ga Yuni 2018, mahara sun afka wa ƙauyuka a ƙaramar hukumar Barikin Ladi ta Jihar Filato. Mutane suka gudo ƙauyen Nghar Yelwa, yawancinsu Kirista 'yan ƙabilar Birom. Limamin garin, Malam Abubakar Abdullahi, wanda a lokacin yana da shekara 83, ya ɓoye mutum 262, waɗansu a gidansa waɗansu a cikin masallaci. Da maharan suka zo suka ce ya fito da su, ya ƙi, ya tsaya yana roƙonsu har suka tafi. A 2019 Gwamnatin Amurka ta ba shi lambar yabo saboda wannan aiki. Da manema labarai suka tambaye shi, cikin abin da ya ambata har da cewa filin da aka gina masallacin a kai, Kiristocin yankin ne suka ba Musulmi kyauta, shekaru fiye da 40 kafin wannan rana. Waɗanda suka ba da filin ba su san abin da zai zo ba, ba kuma don a sāka musu suka yi ba. Zaman maƙwabtaka ne kawai irin na yau da kullum, na gaisuwa da ciyayya da zuwa jana'izar juna, wanda ya sa a ranar tashin hankali masu gudu suka san ƙofar da za su nufa.

KYAUTAR JINI

Akwai alheri guda da mutum zai yi wa matafiyin da bai taɓa gani ba, tun kafin haɗarin ya auku, shi ne ba da jini. Ba a ƙera jini a masana'anta, sai dai wani ya bayar. Masu bukatarsa kuwa ba masu haɗari kaɗai ba ne. Akwai matar da jini ya ɓalle mata wajen haihuwa, da yaron da zazzaɓin cizon sauro ya shanye masa jini, da masu amosanin jini, watau sikila, wadda Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan yaran da ake haifa da ita.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa in mutum 1 cikin kowane 100 zai riƙa ba da jini, ƙasa za ta sami mafi ƙarancin abin da take bukata. Ga ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, wannan yana nufin leda kamar miliyan 2 a shekara. Abin da aka fi sabawa da shi a asibitocinmu shi ne sai maras lafiya na kwance a ce 'yan'uwa su nemo jini, a shiga kiran waya da tsakar dare, ko a koma ga masu sayarwa a bakin ƙofa. Jinin da ya fi aminci shi ne na mai bayarwa don ra'in kansa, a kai a kai, ba don kuɗi ba, domin shi ba shi da dalilin ɓoye wata cuta. A 2021 aka sa hannu a kan dokar da ta kafa hukumar kula da harkar jini ta ƙasa, kuma kowace ranar 14 ga Yuni duniya tana girmama masu ba da jini, ranar haihuwar Karl Landsteiner, likitan Ostiriya da ya gano rukunonin jini a 1901.

Waɗansu suna tsoron wai ba da jini yana rage ƙarfi ko yana hana haihuwa. Babu gaskiya a cikin wannan. Babban mutum yana da jini kamar lita 5 a jikinsa, abin da ake ɗiba kuwa bai kai rabin lita ba, watau kamar mililita 450. Ruwan jinin yana komawa cikin kwana ɗaya ko biyu, jajayen ƙwayoyin kuma cikin 'yan makonni. Ɗibar kanta kamar minti 10 ce, da sabuwar allura wadda ba a taɓa amfani da ita ba. Kafin a ɗiba ana auna nauyi da hawan jini da ƙarfin jinin, kuma ba a ƙara wa kowa shi sai an gwada shi don ƙanjamau da ciwon hanta iri biyu da tunjere.

Wanda ya kai shekara 18 bai wuce 65 ba, nauyinsa ya kai kilo 50, yana kuma cikin ƙoshin lafiya, yana iya bayarwa. Mace mai ciki ko mai jego ba ta bayarwa. Mai niyya ya ci abinci, ya sha ruwa sosai, ya tafi sashen ajiyar jini na babban asibiti ko asibitin koyarwa mafi kusa da shi, ya ce ya zo ba da jini kyauta. Bayan an gama ya huta kaɗan, ya guji aikin ƙarfi a wannan yini. Namiji yana iya komawa bayan wata 3, mace kuwa bayan wata 4.